Ciwon tsokar muƙamuƙi mai daɗewa: wace allura ce ta fi?

Ciwon muƙamuƙi da ya wuce wata 3 yakan fito ne daga tsokar tauna, wadda ke kumatu da gefen goshi. Mai shi yana jin zafi idan yana tauna ko hamma, wani lokaci har da ciwon kai da na kunne. Cizon haƙora cikin barci da damuwa suna tsananta shi, haka ma yawan cin goro, rake da kilishi.

Allurar da aka fi yi ita ce lidoken, irin wadda likitan haƙori ke kashe zafi da ita. Ana soka ta daidai wurin da tsokar ta ƙulle. Tana da sauƙin kuɗi kuma tana aiki nan take, sai dai ciwon yakan dawo. Akwai kuma soka siririyar allura ba tare da magani ba, kuma sakamakon su biyun bai yi nisa da juna ba.

Botox kuwa sassauta tsoka yake yi. Aikinsa yana bayyana cikin kwanaki zuwa mako 2, ya gushe bayan wata 3 zuwa 4, sai a sake. Yana da tsada, yana rage ƙarfin tauna, kuma idan ya taɓa wata tsoka ta kusa, murmushi na iya karkacewa na ɗan lokaci. Allurar sitiroyid ta fi dacewa da kumburin gaɓa, yawan yin ta a tsoka na iya motsar da ita.

Mutanenmu na ganin allura ta fi kowane magani, amma a nan ba haka ba ne. Jagorar da mujallar likitoci ta BMJ ta fitar a 2023 ba ta goyi bayan yawancin waɗannan allurai ba. Ta fifita motsa muƙamuƙi, tausar tsokar a hannun ƙwararre da koyon rage damuwa.

Mazauna Boɗinga da Shagari su fara zuwa asibiti mafi kusa don a duba ko haƙori ne. Idan ana buƙatar allura, a nemi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada a yarda mai kemis ya soka allura a fuska.

Idan baki ya ƙi buɗewa farat ɗaya bayan rauni, ko akwai zazzaɓi da kumburi, a garzaya asibiti, domin yana iya zama cutar sarƙe haƙora ko ƙurji.