Tiyatar Ɗaure Kafaɗa ta Ƙananan Huji: Aminci da Haɗurranta

Tiyatar ɗaure kafaɗa ta ƙananan huji aiki ne da likitocin ƙashi ke yi wa mutumin da kafaɗarsa ke yawan gocewa. Maimakon a tsaga fata a buɗe gaɓar, sai a huda wuri biyu ko uku, kowanne kamar santimita ɗaya, a zura siririyar kyamara ta ɗaya, a shigar da kayan aiki ta sauran. Likitoci na kiran wannan hanya atroskofi. Munanan matsaloli ba su da yawa a cikinta. Babban haɗarinta shi ne kafaɗar ta sake gocewa bayan an gyara.

Asalin aikin

A cikin manyan gaɓoɓin jiki, kafaɗa ce ta fi saurin gocewa, domin gurbin da ke jikin allon kafaɗa ba shi da zurfi, kan ƙashin damtse kuwa ya fi shi girma. Wani leɓe na guringuntsi da ya zagaye bakin gurbin shi ke ƙara masa zurfi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take yi, kuma sau da yawa takan ɓamɓare wannan leɓe daga jikin ƙashi. Likitan fiɗa ɗan Ingila, Blundell Bankart, ya yi bayanin raunin da gyaransa a 1923, shi ya sa aikin ke ɗauke da sunansa. A yau ana kafa ƙananan ƙusoshi masu zare a bakin gurbin, a ɗinke leɓen da su a mazauninsa.

Sake gocewa

Wannan ita ce matsalar da aka fi gani, kuma ta fi bin yanayin majinyaci fiye da kayan aikin. Duk lokacin da kafaɗa ta goce, bakin gurbin na iya zaizayewa, kan ƙashin damtse kuma ya lotsa ta baya. Lotsawar ita ce raunin Hill-Sachs, wanda aka bayyana a 1940. Idan ƙashi ya ragu sosai, ɗinkin leɓe kaɗai ba ya riƙe gaɓar. Binciken Burkhart da De Beer na shekarar 2000 ya samu cewa kashi 4 cikin 100 ne suka sake gocewa a cikin waɗanda ƙashinsu bai zaizaye sosai ba, amma a cikin masu babbar zaizaya adadin ya kai kashi 67.

A 2007 Balg da Boileau suka fitar da ma'aunin tantance majinyata kafin aiki. Yana duba shekaru, musamman 20 zuwa ƙasa, da irin wasan da mutum ke yi da ko na gasa ne, da sakin gaɓoɓi na halitta, da lalacewar ƙashi a hoto. Masu wasannin karo da jiki kamar ragbi da kokawa na cikin haɗari, haka ma masu farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba. Idan zaizayar gurbin ta kai wajen kashi 20 zuwa 25, yawanci akan koma ga aikin Latarjet na 1954, inda ake dasa guntun ƙashi a gaban gurbin. Shi ya fi hana gocewa a irin waɗannan majinyata, sai dai ya fi yawan wasu matsalolin.

Jijiyoyi, kwanciya da maganin barci

Jijiyar hammata, wadda ke motsa tsokar kan kafaɗa, tana bi dab da ƙasan gurbin, don haka allurar ɗinki na iya taɓa ta. Galibin raunin jijiya na ɗan lokaci ne, yakan zo da dindiris ko kasalar hannu ya wuce cikin makonni ko watanni. Mai dorewa ba kasafai ake samunsa ba.

Yadda aka ajiye majinyaci ma yana da tasiri. Idan aka kwantar da shi a gefe aka ja hannun da nauyi, jijiyoyi na iya miƙewa fiye da kima. Idan aka kishingiɗar da shi a zaune, bugun jini na iya sauka har jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa ya ragu, abin da ke sa likitan barci sa ido sosai. Allurar kashe zafi da ake yi a gefen wuya takan kashe jijiyar shamakin numfashi na wannan gefen na sa'o'i, wanda ke iya wahalar da mai ciwon huhu. Ruwan da ake turawa cikin gaɓar don a gani da kyau yakan tsiyaya cikin tsoka, ya kumbura kafaɗa da wuya, amma yakan sace da kansa.

Ƙwayoyin cuta da gudajin jini

Ruɓewar gaɓa bayan wannan aiki ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙwayar da ake yawan samu ita ce Cutibacterium acnes, mai zama a ramukan gashin fata. Tana girma a hankali, wani lokaci ba zazzaɓi ba mugunya, sai ciwo da sandarewa marasa dalili. Daskarewar jini a jijiya ma tana faruwa, amma ba kamar bayan tiyatar ƙugu ko gwiwa ba.

Guringuntsi, ƙusoshi da sandarewa

Mafi munin abin da aka gani shi ne narkewar guringuntsin gaɓar cikin watanni, sau da yawa a jikin matasa. An danganta shi da na'urar da ke ɗiga maganin kashe zafi irin su bupivacaine kai tsaye cikin gaɓa, da kuma ƙone rigar gaɓa, wato tantanin da ya lulluɓe gaɓar, da zafi don ta tsuke. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan na'urar a 2009, kuma an yi watsi da hanyoyin biyu kusan baki ɗaya. Ƙusa da ta fito ko aka kafa ta ba daidai ba tana iya kankare guringuntsi. Mutane da dama kan rasa kaɗan daga juya hannu waje, wasu kuma kafaɗar ta sandare har sai an daɗe ana gashin ƙashi. Bayan shekaru, hoto yakan nuna alamun amosanin gaɓa, ko da yake gocewar kanta na da hannu a ciki, kuma yawancinsa mai sauƙi ne.

Rage haɗari

Ana rage haɗari ta hanyar auna ƙashin da ya rage da hoton CT ko MRI kafin a zaɓi irin aikin, da daina shan taba, da rataye hannu na mako 4 zuwa 6, da bin tsarin gashin ƙashi. Wasannin karo kan jira wajen wata 6. Zazzaɓi, fitar mugunya, wahalar numfashi ko mutuwar hannu da ta ƙi wucewa alamu ne na a koma asibiti nan take. Aikin ya fi yin nasara ga wanda aka yi wa kafin yawan gocewa ta cinye bakin gurbin.