Jerin Amintattu a Tsarin Imel

Jerin amintattu shi ne jerin adireshin imel da mai akwati, ko jami'in kwamfuta na ma'aikata, ya ware domin saƙonninsu su shigo kai tsaye ba tare da manhajar tace saƙonnin banza ta tare su ba. Ana buƙatarsa ne saboda manhajar kan yi kuskure. Takan jefa gayyatar ganawar ɗaukar aiki ko sanarwar banki cikin akwatin tarkace, inda Gmail ke goge duk saƙon da ya wuce kwana 30.

Saƙon tallan da ake ɗauka a matsayin na farko shi ne wanda Gary Thuerk na kamfanin DEC ya aika wa kusan mutum 400 ta hanyar sadarwar ARPANET a Amurka ranar 3 ga Mayu, 1978. Da irin waɗannan saƙonni suka yi yawa sai aka ƙirƙiro manhajojin tacewa. SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fitar a 2001, maki take bai wa kowane saƙo gwargwadon alamun zargin da ke jikinsa, wanda ya kai maki 5 sai ta ware shi. Adireshin da ke cikin jerin amintattu kuwa ana rage masa maki 100, don haka kusan komai ya ɗauko zai wuce. Gmail da Outlook ma suna da irin wannan zaɓi.

A Abuja lamarin ya shafi aikin gwamnati. Hukumar NITDA, da aka kafa a 2001, ita ke kula da adireshin intanet da ke ƙarewa da .gov.ng, kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone kuma, wanda aka kafa a 2006, yana samar wa ma'aikatu imel na hukuma. Ɗan kwangila ko mai neman aiki da ke jiran amsa daga irin wannan adireshi yana da hujjar sanya shi cikin jerinsa.

Sai dai jerin yana da rauni babba. Adireshin da ke bayyana a saman saƙo ana iya ƙirƙirarsa, kamar yadda ake buga hatimin bogi a kan takarda. Shi ya sa aka samar da hanyoyin tantancewa: SPF na bayyana kwamfutocin da aka yarje wa aika saƙo da sunan wata ma'aikata, DKIM na sanya sa hannu na sirri, DMARC kuma na faɗin abin da za a yi da saƙon da ya kasa tsallake tantancewar. Tun Fabrairun 2024 Google ya wajabta su ga masu aika wa Gmail saƙo 5,000 ko fiye a rana.

Ko tantancewar ba ta hana ɓarna idan aka ƙwace akwatin amintaccen kansa. A 2018 'yan damfara sun shiga imel ɗin babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, suka aika umarnin biyan kuɗi da sunansa har aka yi asarar kusan dala miliyan 11. Kotun Amurka ta yanke wa ɗaya daga cikinsu, Obinwanne Okeke, ɗaurin shekara 10 a kan haka a 2021. A Najeriya, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta irin wannan yaudara.

Abin da ya dace shi ne a sanya adireshi guda da aka tantance, a guji amincewa da duk masu gmail.com ko .gov.ng gaba ɗaya, a kuma cire adireshin da zarar hulɗa ta ƙare.