Daga Katsina Zuwa Zariya: Tarihin Kwalejin Barewa da Zumuncin Tsofaffin Ɗalibanta

A shekarar 1921 aka ɗauki ɗaliban farko a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ranar 5 ga Maris 1922 kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance. Dalilai uku suka sa aka zaɓi Katsina. Gari ne da ya yi suna da malanta tun kafin jihadi, Sarki Muhammadu Dikko ya yi maraba da makarantar, sannan garin yana nesa da layin dogo da hayaniyar da ke biye da shi. Da ƙasa aka gina azuzuwan da ɗakunan kwana, bisa tsarin ginin Hausa. Ginin yana nan har yau, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi.

Manufar Turawan mulki ba ta wuce samar da malaman da za su koyar a makarantun larduna ba. Shugaban makarantar na farko shi ne Bieneman, kuma shekara biyar ɗalibi ke yi yana koyon Ingilishi, lissafi, tarihi, labarin ƙasa da dabarun koyarwa, tare da Larabci da addini. Cikin malaman gida akwai Malam Bello Kagara, mawallafin littafin Ganɗoki. Da yamma a fita wasa, musamman wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, bai daina yi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ba a tsara ba, amma ya fi komai tasiri, shi ne haɗuwar yaran kansu. Ahmadu Bello ya zo daga Sakkwato a 1926, tafiyar kusan mako guda a ƙafa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauci a 1928. Kashim Ibrahim daga Borno ya fito, Aliyu Makaman Bida daga ƙasar Nufe, Sulaimanu Barau daga Abuja ta da, wato Suleja, Abubakar Imam kuwa ɗan Kagara ne. A zamanin da ɗan wani lardi kan tsufa bai taka wani lardin ba, ga yara masu harsuna dabam-dabam suna cin tuwo a kwano ɗaya shekara biyar. Kowane ɗalibi ana ba shi lamba ranar da ya shiga, lambar da ba a sake ba wa kowa. Sardauna shi ne lamba 87, Tafawa Ɓalewa 145. Wannan lissafi bai yanke ba har yanzu, kuma da shi tsofaffin ɗalibai ke gane wa da ƙane a tsakaninsu, kome sarautar mutum ko dukiyarsa.

Da sun gama, sai a warwatsa su zuwa makarantun midil da ofisoshin En'e. Saurayi ya sami kansa a garin da masu ilimin boko ba su cika yatsun hannu ba, ba mai yi masa hirar littafi, ba wanda ya san irin rayuwar da ya yi. Wasiƙa ce ta riƙe zumuncin: wane ya yi aure, wane an yi masa haihuwa, wane an canja masa wurin aiki, mahaifin wane ya rasu. A 1939, shekarar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa da Abubakar Imam a kujerar edita, tsofaffin ɗaliban suka kafa ƙungiyarsu. Sarakuna da Turawa ba su saki jiki da ita ba, domin taron 'yan boko daga larduna daban-daban abu ne sabo, don haka ta yi sanyi bayan 'yan shekaru. Amma sanayyar ba ta mutu ba. Lokacin da aka zo kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, da NEPU a 1950, da yawa daga cikin jagororin ɓangarorin biyu sun fito ne daga wannan makaranta. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur tsofaffin ɗalibanta ne, kamar yadda Sardauna yake.

Ita kanta makarantar ta yi ƙaura sau biyu. A 1938 ta koma Kaduna ta zama Kwalejin Kaduna, inda Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu. A 1949 ta tare a Zariya, a kan titin Gaskiya, ta zama sakandare cikakkiya mai shirya ɗalibai don jami'a, aikin gwamnati da aikin soja. A 1971 aka raɗa mata sunan Barewa, daga dabbar da ke jikin tambarinta. Sunayen gidajen kwana ma tarihi ne: Bello Kagara, Lugga, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Nagwamatse, Bieneman, Mort, Ja'afaru da Sulaimanu Barau. Idan tsofaffin ɗalibai biyu suka haɗu, bayan gaisuwa tambaya biyu ce ke biyo baya: lambarka nawa, kuma wane gida ka zauna?

Mutum biyar da suka shugabanci Nijeriya sun ratsa ta wannan makaranta: Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Haka Sarakunan Musulmi biyu, Ibrahim Dasuki da Muhammadu Sa'ad Abubakar, da tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Gowon Kirista ne da ya tashi a Wusasa, kuma hakan bai hana shi zama ɗan gida a cikinsu ba. Ranar baƙin ciki ma tare suka sha ta. A juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 an kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Firimiya Ahmadu Bello, tare da hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema, dukkansu 'ya'yan makarantar.

Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban da ta farfaɗo daga baya, wadda yau aka sani da BOBA, tana da rassa a jihohi, kuma 'yan kowane aji suna da nasu zama. Wanda ya kalli taronsu daga nesa zai ɗauka haɗuwar manya ce kawai. Amma yawancin abin da ake yi a wurin hira ce ta dā da tambayar iyali. A tuna malamin da ya fi tsanani, a tuna gasar wasanni tsakanin gidaje, a kira dattijo mai furfura da sunan tsokanar da aka laƙaba masa yana ɗan aji ɗaya. Daga nan a karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a yi musu addu'a, a sanar da ɗaurin auren 'ya'ya, a ji wanda ke kwance a asibiti, a yi karo-karo don marayun abokin karatu. Zumunta a ƙafa take, kuma waɗannan ƙananan ayyuka su ne suka riƙe ƙungiyar har makarantar ta cika shekara 100 a 2021.

Yau Barewa tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna, tana fama da irin nauyin da ke kan makarantun gwamnati, kuma tsofaffin ɗalibanta na cikin masu tallafa mata. Darasin bai tsaya a Zariya ba. Sakandaren ƙaramin gari ba ta buƙatar ta yaye shugaban ƙasa kafin tsofaffin ɗalibanta su haɗa kai. Abin da ake buƙata shi ne rajistar sunaye da ba ta ɓacewa, taro ko da sau ɗaya a shekara, da asusun da ake bayyana lissafinsa. A je wurin dattawan ajin farko tun suna da rai a rubuta abin da suka tuna, a tattara tsofaffin hotuna, a nemi waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, musamman marasa hali. Sannan a koma makarantar a duba azuzuwa da rijiya da ɗakin karatu, domin yaran da ke zaune a can yau suna da haƙƙi a kan duk wanda ya riga su zama a wurin.