Makoki, Marsiyya, da Kalmomin Turawa na Kukan Mutuwa

Yau za mu tsaya a Ƙofar Atiku cikin birnin Sakkwato. Ƙofar nan tana ɗauke da sunan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya hau sarautar Musulmi a 1837, sa'ad da wansa Muhammadu Bello ya rasu a Wurno. Rasuwar nan ta girgiza gidan Shehu ƙwarai. 'Yar'uwarsu Nana Asma'u kuwa ba ta haɗiye baƙin cikinta ba, sai ta zuba shi cikin waƙa.

Irin wannan waƙa malaman Sakkwato suke kira marsiyya, kalma ce daga Larabci. Da Fulatanci kuma sonnore. Asma'u ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Har maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta riƙe wata sarauta ba, ta sami tata. Wannan ta Halima ita ta fi taɓa mini zuciya, gama ba kullum alƙalamin manya yake tunawa da talaka ba.

To, a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga waƙoƙin Asma'u cikin Turanci. Dole su zaɓi suna, domin Turawa suna da kalmomi da dama na kukan mutuwa, kowace da asalinta. Yawancin waƙoƙin suka kira su elegy. Wannan daga Helenanci take, waƙa ce ta mai alƙalami wanda ya zauna ya tuna da halin mamaci. Amma waɗanda ta yi wa A'isha suka ce da su lamentation, wato kuka mai fitowa daga ciki. Ku lura, da wannan kalma Turawa suke kiran littafin da mu muke ce wa Makoki cikin Littafi Mai Tsarki, inda aka yi kukan Urushalima bayan da Babilawa suka rushe ta, wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu.

Akwai kuma dirge, waƙar da ake yi a hankali wurin jana'iza. Da yawa ba su san daga ikkilisiya ta fito ba. A zamanin dā, a Turai, ana yin addu'ar asuba domin matattu da Latinanci, kalmar farko kuwa ita ce dirige, ma'anarta ka shiryar, an ɗauko ta daga Zabura 5:8. Mutanen Ingila suka yi ta jinta a gidan rasuwa har bakinsu ya gajarta ta. Haka ma requiem, asalinta hutawa.

Na sha jin waɗansu a cikinmu suna tsawata wa gwauruwa, wai kuka rashin bangaskiya ne. Su duba 2 Sama'ila sura 1. Dawuda ya yi wa Saul da Jonatan waƙar makoki, har ya umarta a koya wa mutanen Yahuza. Saul kuwa shi ne mutumin da ya yi shekaru yana farautar ransa.

Asma'u ta rasu a 1864. Kabarinta yana Hubbare, kusa da na mahaifinta, nan cikin birnin Sakkwato.