Littafi Mai Tsarki da Hausa

Littafi Mai Tsarki da Hausa shi ne fassarar Baibul da Kiristoci masu jin Hausa suke karatu da ibada da ita a Nijar da Najeriya. Ya ƙunshi Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Bajamushe James Frederick Schön ne ya fassara Linjilar Matiyu a 1857, sannan aka buga Sabon Alkawari a 1880. Cikin waɗanda Schön ya ƙaru da Hausarsu akwai Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram da ya bi matafiyi mai bincike Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Cikakken littafin ya fito a 1932, shekara takwas bayan ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Zinder.