Gandu, Gayauna da Cin Rani: Yadda Samarin Sabon Birni da Isa Suka San Sauyin Damina

Idan ana maganar matasa da sauyin yanayi, hankali yakan tafi ga ɗaliban Turai da suka fara ƙaurace wa aji a 2018. A ƙasar Sabon Birni da Isa, saurayi ya daɗe da sanin cewa damina ta sauya hali, kuma a gonar gandu ya koya, bayan mahaifinsa, da hauya a hannu. Abin da ke raba saurayin da zai tsaya ya gyara ƙasa da wanda zai juya mata baya shi ne ko yana da rabo a cikinta.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa sun warwatsu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Arzikin wurin yana jingine ne da fadamun Gulbin Rima da rafukan da ke zuba cikinsa, Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, sai kuma jigawa inda ake shuka gero. A tsarin gandu, samari suna yi wa maigida aiki, amfanin ya shiga rumbun gida, sannan kowa yana da gayaunarsa da yake nomawa a sauran lokaci. A nan yaro yake ganin shuka ta ƙone an sake binne iri, a nan kuma yake jin sunayen shekarun wahala: Kakalaba ta 1914, farin 1973, da yunwar 1984 wadda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar da gwamnatinsa ta yi a shekarar. Wanda ya tashi da waɗannan sunaye a kunne, sannan ya ga ambaliyar 2010 ta cinye gonaki a Isa da Sabon Birni, ba ya jiran wani ya gaya masa cewa lissafin ruwa ya rikice.

Matakin da samari suka fi ɗauka tun da daɗewa shi ne cin rani. A ranin 1952 zuwa 1953, ƙidayar da masanin ƙasa Mansell Prothero ya nazarta ta nuna fiye da mutum 250,000 sun fita daga Lardin Sakkwato neman aiki, wasu har Gwanja da gonakin koko na ƙasar Yarbawa. Za a iya cewa wannan gudu ne kawai. Ban yarda ba. Duk saurayin da ya bar gida bayan girbi ya rage baki ɗaya a kan rumbu na tsawon watanni, kuma yakan dawo kafin ruwan shuka da kuɗin haraji da na iri. Wannan dabara ce ta mutanen da suka fahimci damina ɗaya ba ta ciyar da shekara. Rauninta shi ne ba ta mayar wa ƙasar ƙarfinta, kuma da gandu ya fara wargajewa, gonaki suka tsuke saboda rabon gado, mai fita ya rasa abin da zai dawo dominsa.

Ƙetaren iyaka kaɗan, dangin waɗannan Gobirawa sun nuna wata hanya. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935, itacen gona a Nijar yana hannun hukuma, don haka manomi yakan sare tsiro tun yana ƙarami kada ya jawo masa tara. Daga 1983, masanin noma Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka soma barin kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a sassabe sauran. Da hukuma ta sassauta, itace ya zama na mai gona, sai wannan dabara ta sassaben zamani ta bazu har ana ƙiyasta hekta miliyan 5. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya koma gonaki. Masu cewa manomin Bahaushe ya sallama komai ga ƙaddara sai su bayyana yadda mutane masu addini ɗaya da harshe ɗaya suka sauya hali da zarar doka ta sauya.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsaro, kuma gaskiya ne. Tun kashe-kashen Mayun 2020 a ƙauyukan Sabon Birni, dubban mutane suna gudun hijira a yankin Gidan Rumji na Nijar, kuma wanda yake biyan 'yan bindiga kafin ya yi girbi ba zai yi tunanin itacen da sai bayan shekaru zai amfana da shi ba. Sai dai wannan ma hujjar ce ɗaya: an ƙwace wa saurayi tabbacin cewa abin da ya raina zai zama nasa. Shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Sakkwato ke cikin jihohinsa 11, zai iya raba dashe kowace damina, amma saurayin Isa zai shayar da shi ne ranar da yake da gayaunar da zai isa lafiya, kuma ya san gawon da ke cikinta nasa ne.