Titin Istiklal na Santambul da Masu Tafiya da Ƙafa

A arewacin mashigin ruwan da ya ratsa birnin Santambul akwai unguwanni biyu, ɗaya bisa ɗaya: Galata a gindin tudu, inda bankuna da 'yan canji da ma'ajiyar hajar jiragen ruwa suke, da kuma Pera a bisa, inda jakadun Turai suka kafa gidajensu, attajirai kuma suka buɗe kantuna da masaukai. A zamanin Daular Usmaniyya, wanda duk ke da mu'amala da wuraren nan biyu, magatakarda ne ko ɗan dako, sai ya haura tudun da ya kai kimanin mita 60, safe da maraice, cikin hunturu da ruwan sama.

Wannan wahala ce wani injiniya Bafaranshe, Eugène-Henri Gavand, ya lura da ita, ya nemi iznin Sultan Abdul'aziz, aka haƙa rami mai tsawon mita 573 a cikin tudun, aka sa taragu waɗanda injin tururi ke ja da igiya, har a watan Janairu na 1875 aka buɗe abin da ake kira Tunel, wanda in ban da na Landan babu jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya girme shi. Hikimar aikin, a ganina, ita ce bai raba mutum da tafiyar ƙafa ba. Ya ɗauke masa hawan tudu ne kawai, ya sauke shi a bakin babban titin Pera da sauran ƙarfinsa, ya taka a natse yana duban kantuna. Da yake wata gobara a 1870 ta cinye yawancin unguwar, an sāke gina ta da dutse, kanti a ƙasa, ofis da mazauni a sama, ga makarantar Galatasaray, ga masallacin Husaini Aga, ga majami'u, ta yadda titin ba ya rasa jama'a tun daga asuba har bayan lisha. Daga baya taragon lantarki ya bi ta kansa zuwa dandalin Taksim, bayan kafa jamhuriyar Turkiyya a 1923 kuma aka raɗa masa suna Istiklal.

Sa'an nan al'amari ya juya. Wata tarzoma da aka yi a watan Satumba na 1955 ta ragargaza kantunan Girkawa, waɗanda su ne ƙashin bayan tijarar wurin, da yawansu suka yi ƙaura. A 1961 aka daina gudanar da taragu a wannan ɓangare na birni, aka bar wa motoci fili, bisa zaton cewa wannan shi ne ci gaba. Alhali kuwa mai mota wucewa yake yi, ba ya tsayawa taya haja, mai ƙafa kuma an matse shi a jikin bango cikin hayaƙi. Masu hali suka koma unguwannin arewa, titin ya tsufa.

A ƙarshen 1990 hukuma ta hana motoci shiga, ta maido da jan tarago guda tsakanin Tunel da Taksim. Tafe yake sannu a hankali yana kaɗa ƙararrawa, jama'a na darewa gabansa suna haɗewa bayansa, yara na maƙale a wutsiyarsa, masu gasa gujiyar dutse suna fifita garwashi a gefe. Ciniki ya dawo, musamman da jirgin ƙarƙashin ƙasa na zamani ya iso Taksim a shekarar 2000.

Amma adalci ne a faɗi wanda ya biya diyyar wannan ni'ima. Motocin da aka kora an karkatar da su ne zuwa babbar hanyar Tarlabashi, wadda ba a shimfiɗa ta ba sai da aka rushe ɗaruruwan tsofaffin gidaje a shekarun 1980, aka yanke talakawan unguwar daga titin da ke maƙwabtaka da su. Da kuɗin haya ya hau kuma, sai tsofaffin masu sana'a suka riƙa tashi, har gidan silima na Emek, wanda mutanen birni suka yi ta zanga-zanga domin a bar musu shi, aka rushe shi a 2013 aka gina rukunin kantuna a wurin.